Kakar da Nolan Bai Hau Injin Girbi Ba

Ƙanena Nolan yana ɗan shekara takwas ya sayar wa matar fasto 'ya'yan kyanwa biyu, waɗanda mahaifinmu ya riga ya ce a rabu da su ko kyauta ne. Dala huɗu ya karɓa, ya kuma yi mata alkawari idan suka yi wata guda ba su kama ɓera ba ta dawo da su ta karɓi kuɗinta. Bayan sati biyu ya hau keke ya je har gida ya tambaye ta yaya kyanwoyin suke. Wannan komawar ce ta ba mahaifiyarmu mamaki, ba cinikin ba. Ta ce yaron nan ba zai taɓa kwana da yunwa ba. Ni ce yayarsa, na ba shi shekara bakwai. Sunana Marcy Prochaska, ni ke da gidan abincin da ke kallon rumbunan hatsi a garinmu, cikin ƙasar noma ta Nebraska.

Shekara ɗaya Nolan ya yi a kwaleji ciwon zuciya ya kwantar da mahaifinmu, ya dawo gida bai sake komawa ba. Yana da ashirin da uku ya zama wakilin wani kamfanin irin masara. Aikin babu albashi, kamasho ne a kan kowane buhu, shi ma sau ɗaya ake biya a shekara. Da manoma shida ya fara. Cikin shekara goma sha ɗaya suka zama arba'in da uku, kuma babu wanda bai san sunan karensa ba.

Kamfani na ɗauka a watan Disamba ake cinikin iri, lokacin da ake sa hannu a takarda. Nolan ya san tun Oktoba ake gamawa. Idan kaka ta yi, manomi yakan wuni shi kaɗai a cikin injin girbi, daga safe har faɗuwar rana, a gefensa kuwa akwai wata 'yar kujera wadda ba kowa ake bari ya zauna a kai ba. Da rana ta take Nolan zai biyo wurina ya ɗauki burodi da gasasshen nama da kofi, ya zuba a bayan a-kori-kurarsa, ya nufi gona. Zai tsaya a bakin kunya har injin ya juyo, ya hau, ya zauna awa ɗaya ko biyu. Ba ya tayar da zancen iri. Su dai kalli masara tana shiga, su kalli ɗan allon da ke nuna abin da kowace eka ta bayar. Manomi ya ba shi labarin gwiwarsa da ke ciwo, da ɗansa da ya ƙi noma. Idan iri ya yi kyau su yi murna tare. Idan bai yi ba, Nolan na nan zaune a zage shi ido da ido, ya haɗiye, ya dawo washegari.

Mafi wuyar sha'ani cikinsu shi ne Arlo Sedlacek, dattijo mai eka dubu biyu, wanda duk irin da ya shuka rabin yankin shi za su shuka. Shekara uku Nolan yana hawa injinsa kafin ya sayi buhu ɗaya.

Arlo yakan ce, "Ɗan Prochaska, abinci ka zo ci ko kunyar irinka ka zo kwasa?"

"Baba Arlo, abincin ai ni na kawo."

"Kunyar fa?"

"Ita ma na taho da buhun zuba ta."

Haka suke, kuma Nolan na jin daɗin aikin nan fiye da yadda ya sani.

Abin ya soma ne da aka buɗe gurbin manajan yanki. Albashi ne tsayayye, da mota, da inshorar lafiya ta iyali. Nolan ya nema, aka ce masa sai mai digiri. Aka kawo wani yaro ɗan shekara ashirin da shida, mai ladabi ƙwarai, wanda bai iya bambanta masarar da ta nuna da wadda fari ya kashe ba, aka ce Nolan ya zagaya da shi gonaki ya nuna masa aiki. Ya yi, amma na ga yadda abin ya ci shi. Matarsa Janelle kuma na da cikin ɗansu na biyu, kuɗin inshorar da suke biya da aljihunsu ya fi kuɗin gidansu.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci na rufe shago, muka zauna mu uku. Nolan ya fito da wata takarda mai sheƙi daga wata kwaleji mai zaman kanta, tafiyar awa biyu daga garinmu. Suna ba da digiri a kan dabarun sayar da kaya. A jikin takardar an rubuta cewa waɗanda suka gama suna samun kimanin dala dubu tamanin da biyar a shekara. Shi kuwa idan shekara ta yi kyau yakan sami hamsin da biyar, idan ta ɓaci arba'in. Karatun shekara uku ne, za a ci bashin dubu saba'in da biyu. Ya yi lissafinsa a gabanmu da biro: ƙarin dubu talatin kowace shekara, cikin shekara uku bashi ya mutu, abin da ya biyo baya riba ce.

Janelle ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Manoman fa?"

Ya ce, "Talata da Alhamis kawai ake shiga aji. Sauran kwanakin nawa ne."

Ya juyo ya kalle ni, don tun muna yara ba ya yanke shawara sai ya ji ta bakina. A nan ne na yi maganar da har gobe take cizona. Na ce, "Manoma ba gudu za su yi ba, gona ba ta da ƙafa. Je ka karɓo takardar nan ka toshe musu baki."

Gaskiya ba lissafinsa na duba ba. Ni ban yi karatu ba, mahaifinmu bai yi ba, kuma na gaji da zuba wa yara masu digiri kofi suna kirana da sunan da suka karanta a ƙirjin rigata. So nake a ce wani ɗan gidan Prochaska ya sa baƙar rigar kammala karatu an kira sunansa. Haushina na ɗora masa, shi kuma ya ɗauka shawara ce.

Da labari ya kai kunnen Arlo, ya tare shi a shagona.

"An ce za ka je a koya maka sayar da kaya."

"Haka ne, Baba."

"Shi mai koyarwar me ya taɓa sayarwa?"

"Ba sayarwa zan koyo ba, takarda zan karɓo."

"Lallai takardar na da tsada," in ji Arlo, ya ci gaba da cin ƙwansa.

Shekarar farko ta tafi da daɗi ba daɗi. Ya rame, yana karatu a cikin mota a bakin gonakin mutane, amma ya zagaya kusan kowa. Ba zan ce bai ƙaru ba. Ya koyi karanta takardun kuɗi na kamfani, ya koyi tsayawa gaban jama'a ya yi bayani ba inda-inda, malamansa kuma suna sonsa, don shi kaɗai ne a ajin da aka taɓa kora daga ƙofar gida da tsawa.

A shekara ta biyu aka ce dole kowane ɗalibi ya yi sati shida na sanin makamar aiki a wani ofis a birnin Omaha, daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, a rufe da gasar da ɗalibai ke sayar wa malamai kayan ƙarya a gaban kyamara. Kaka ke nan daga farkonta har ƙarshenta. Nolan ya je ya roƙi a ɗaga masa. Malamin ya saurare shi da kyau, ya ce idan bai yi bana ba sai baɗi, wato ƙarin shekara guda da ƙarin bashin dubu ashirin da huɗu. Ya kuma nuna masa yadda manyan kamfanoni ke riƙe abokan cinikinsu ba tare da sun taka ƙafa ba: ka zuba sunayensu a kwamfuta, ita za ta riƙa aika wa kowa saƙon gaisuwa da sunansa. Nolan ya sake lissafi. Kaka ɗaya a hannu guda, dubu ashirin da huɗu a ɗaya hannun. Ya tafi Omaha.

Da shekarar ta zo lafiya wataƙila da an wuce wurin. Amma a ƙarshen Agusta an yi wata iska mai ƙarfi, kuma wani sabon iri da Nolan ya tallata musu da bakinsa shi ya fi kwantawa. Kwantacciyar masara azaba ce wurin girbi, injin na rarrafe, rabi na zubewa a ƙasa. Mutane na cike da haushi, suna jiran mai irin ya zo ya zauna su sauke masa. Sai ga saƙo a waya.

Ina tsaye da butar kofi Arlo ya sa tabarau ya karanta wa teburinsu da ƙarfi: "Zuwa ga Arlo mai daraja, muna yi maka fatan girbi mai albarka. Gamsuwarka ita ce burinmu."

Wani ya ciro tasa wayar ya ce, "Ni ma mai daraja ne ashe."

Na uku ya ce, "Duk mu masu daraja ne. Ko waƙafi ba a canza ba."

Aka yi dariya, amma ba irin wadda ake yi wa na gida ba. Na ce yaron yana makaranta ne, su yi masa uzuri. Arlo ya cire tabaransa ya ce, "Marcy, ba fushi nake da masarar ba, iska ce, ba shi ya aiko ta ba. Amma saƙon waya ba ya jin ƙaiƙayi. Ki gaya masa zumunci a ƙafa yake."

Na kira Nolan ran nan na gaya masa. Ya ce ranar Asabar zai zo. Ya zo ɗin, ya zagaya gona huɗu, ruwan sama ya tsayar da aiki, Lahadi da yamma ya koma. Sauran kwanakin Brent Haugen ne a kan 'yar kujerar injin girbin, wakilin wani kamfanin daban. Brent ba mugu ba ne, bai ma kai rabin Nolan iya magana ba. Zuwa kawai ya yi, ya zauna, ya sha zagin da ba nasa ba, har ya sauka ya taya Arlo zare karan da ya cushe a bakin injin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da Disamba ta zo, mutum goma sha tara ne suka sa wa Nolan hannu. Shekarar da ta biyo kamfani ya ce bai cika adadi ba, ya karɓe wakilcin.

Ya gama karatun yana da talatin da bakwai. Na je bikin, na sayi sabuwar riga, da aka kira sunansa na yi kuka har Janelle ta miƙo mini hankici. Na sami abin da nake so, ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi ran nan. Kujerar manajan kuwa, kafin ya fito kamfanin ya haɗe da wani, an dunƙule yankuna uku sun zama ɗaya, babu gurbi.

Wata takwas ya yi yana neman aiki. Aka ba shi damar ɗage biyan bashin, ya karɓa da godiya, yana zaton an tsayar da shi ne. Ashe kuɗin ruwa na nan yana taruwa, daga baya aka tattara aka ɗora a kan uwar kuɗin. Da ya fara biya, bashin ya haura dubu tamanin da takwas, wata-wata dala ɗari tara da 'yan kai. Suka sayar da gidan suka koma haya a Omaha, inda ya sami aiki a wani kamfanin da ke sayar wa ofisoshi manhajar biyan albashi. Yana zaune a wani ɗan lungu da abin magana a kunne, yana kiran mutum sittin a rana, mutanen da bai taɓa gani ba kuma ba zai gani ba. Ana ba shi rubutaccen abin da zai faɗa, ana kuma naɗar muryarsa don a tabbatar bai kauce ba. A shekara yakan tashi da kusan dubu saba'in. Takardar nan mai sheƙi ba ƙarya ta yi ba sosai, ya fi samun kuɗi fiye da da. Sai dai idan aka cire haya da kuɗin renon yara da na bashin, abin da ke saura bai kai na lokacin da yake yawo da hular hana-salla ta kamfanin iri ba.

Shekara shida ke nan. Yakan kawo yara hutu, amma bai taɓa shigowa shagona da safe ba, lokacin da manoma ke zama. Sai ya bari sun watse ya shigo ta ƙofar baya. Maganarsa ma ta canza. Wata rana na tambaye shi ya aiki, ya ce, "Wannan tambaya ce mai kyau," sannan shi kansa ya ji abin da ya faɗa, ya kau da kai.

A watan Yulin bana Brent ya ce bayansa ya gama, zai ajiye aiki ya bi 'yarsa Arizona. Kamfaninsa ya ce duk wanda manoman suka kawo shi za a ba. Wata safiya Arlo ya tsaya a gaban kantata, yanzu da sanda yake tafiya, mutum biyar na bayansa.

Ya ce, "Kira ƙaninki. Mun yi magana. Shekara takwas ta isa horo."

Na ce, "Ku da kuka kore shi?"

"Ba mu kore shi ba, shi ya tafi. Brent mutumin kirki ne, amma zama da shi a cikin inji kamar zama da buhun taki ne. Ki ce ya zo kafin kaka."

Ban iya faɗar wannan a waya ba. Ranar Asabar na bar shago a hannun ma'aikaciyata na tuƙa har Omaha. Na same shi a filin ƙwallon ɗansa, yana zaune a kan benci cikin rana. Da na gaya masa, fuskarsa ta yi wani haske da na manta yana da shi. Ya shiga tambayata ɗaya bayan ɗaya, wa da wa suka zo, ɗan wane ya karɓi gonar ubansa, shin Arlo ya yarda an yi masa aikin gwiwar. Mun yi kusan rabin awa a haka. Sannan ya juya yana kallon yaran.

Ya ce, "Yaya, kin san yaushe kamashon farko zai shigo?"

Na sani. Wanda ya fara a kaka, sai kusan kakar baɗi zai ga kwabo.

"Wata goma sha ɗaya ba albashi. Masu bashi kuwa ba su san kaka ba, ranar biyar ga wata suke ɗauka. Na riga na cinye damar ɗagawa. Inshora ta tafi, ga ƙaramin yaron da ciwon asma. Babu gidan da zan jinginar."

Na ce ina da ɗan abin da na tara, zan riƙe masa biyan na shekara guda.

"Kuɗin rufin shagon naki? Wanda ke yoyo a kan tebur na uku?" Ya yi murmushi. "Kina da shekara hamsin. Ba zan ci tsufanki ba."

Na yi ta kawo dabaru yana rushe su ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa, da alƙaluma, yadda aka koya masa. Daga ƙarshe ya ce, "Wancan karon na yi lissafi na bar abu mafi girma a waje. Wannan karon ban bar komai ba. Ba zai yiwu ba."

Na ce masa ni na tura shi, ni na ce gona ba ta da ƙafa. Shekara da shekaru ina son in faɗa, sai ran nan ta fito. Ya ce ba ni na sa hannu a takardar rancen ba, in daina. Da zan shiga mota ya riƙe ƙofar ya ce, "Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki ce musu bashi ne ya hana ni. Faɗi duk abin da kika ga dama, ban da wannan."

Ranar Litinin Arlo ya riga kowa zuwa. Ya zauna, ya jingina sandarsa, ya kalle ni.

Na ce, "Ya gode ƙwarai, Baba Arlo. Amma an yi masa ƙarin girma a can. Ba zai iya barin abin da ake ba shi ba."

Dattijon ya gyara zama. Na ga ransa bai so ba, sai dai ba mutum ne mai ƙyashin ci gaban wani ba. Ya gyaɗa kai a hankali.

Ya ce, "To madalla. Ashe ni ne ban gane ba, karatun ya biya shi. Na yi masa dariya a banza." Ya juya kofinsa a kan tebur. "Kin san jikata Shelby, ta gama sakandare bana. Wannan karatun take so, a makarantar da ya yi. Uwarta na tsoron bashin, ni ma na hana. Amma tunda ga Nolan, zan ce su sa hannu. Rubuta mini lambarsa ta kira shi ya ƙarfafa mata gwiwa."

Na ciro biro daga aljihun rigata na rubuta masa a bayan rasit. Ya ninke ya sa a aljihu, ya biya kuɗin kofinsa ya fita. Yau kwana huɗu ke nan, ban gaya wa Nolan za a kira shi ba, ban kuma je gidan Arlo ba.